Gadar da Ta Ƙi Makara

Bu Nurlela ta tsaya a tsakiyar matakalar gadar, ta dafa ƙarfen da rana ta gasa, tana jiran numfashinta ya dawo. Pak Handoko, wakilin kamfanin da ya gina sabon katafaren kantin, tuni ya kai sama, yana fifita da hularsa.

"Sannu, Bu, saura kaɗan. Hau ki ga aiki, har rufi muka yi mata saboda damina."

Ta ƙarasa da ƙyar. A wannan gari na gefen Jakarta, inda ake kiran mace Bu, namiji kuma Pak don girmamawa, duk wanda zai yi babban gini sai ya gyara hanyar da motocinsa za su cika, da kuɗinsa. Ofishin sufuri ke gindaya sharuɗɗa, ita kuma, ma'aikaciyar ofishin, ke zuwa ta duba. An daɗe ana ja-in-ja da wannan kamfani kafin ya yarda ya faɗaɗa titin, ya ware wurin tsayawar motocin haya, ya ja shingen kankare a tsakiya don hana juyawa barkatai, sannan ya gina wa masu tafiya a ƙasa wannan gada. Gobe za a buɗe kantin, kuma sai ta sa hannu.

Ta leƙa ƙasa. Titin da a da ake wuni a kansa, yau motoci na wucewa ba tsayawa. Ta so ta ji daɗi, amma tun kafin asuba ta baro gida, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi.

Tana lalubar biro a jaka sai ta ji kalmar shahada na tashi daga wani lungu na tsohuwar unguwa. Wani mutum ya fito riƙe da tutar takarda ruwan ɗorawa, alamar rasuwa. Bayansa maza ne ɗauke da makara lulluɓe da koren ƙyalle, sai dattawa da mata. Maƙabartar unguwar tana tsallaken titi, a bayan kantin.

Suka zo inda suka saba tsallakawa, suka tarar da shinge ya kai ƙirjin mutum. Aka ɗan yi cirko-cirko, sannan suka nufo gadar. Hawan farko ya yiwu, amma a inda matakalar ta karya kwana, makarar ta ƙi juyawa. Aka tura gaba, ta daki ginshiƙin rufi. Aka ɗaga baya, ta karkace.

"Ku tsaya! Kan Baba zai bugu!" wani magidanci ya yi ihu. Ɗan mamacin ne, ya tallafe gefen makarar da ƙirjinsa, gumi da hawaye sun haɗe masa.

Haka suka sauko da baya-baya. Nurlela ta biyo su. Wani dattijo mai baƙar hula ya dubi kayan ofis da ke jikinta, ya dubi fuskarta. Ta gane shi, Haji Dulhadi ne, mai unguwar.

"A'a, Bu, ke ce? Ai mun zauna da ku a ɗakin taro. Kun ba mu shinkafa a kwali, kun nuna mana motoci suna gudu a allo, muka tafa."

"Mun yi maganar 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa, Pak Haji. Ba wanda ya ambaci maƙabarta."

"Ranar ba wanda ya mutu, Bu."

Handoko ya matso, ya sassauta murya. "Allah ya jiƙansa. Pak Haji, akwai motar kamfani a buɗe, sai a sa shi a baya, a zagaya ta can mahaɗa."

"Buhun siminti ne?" in ji ɗan mamacin. "A kafaɗa ya kai nasa uban, a kafaɗa zan kai shi."

Makarar na nan bisa kafaɗu, masu ɗauka suna ta sauya ƙafa. Hadari ya fara haɗuwa ta yamma, wani ya ce kabari a buɗe yake, in ruwa ya sauko sai an kwashe shi da bokiti.

Nurlela ta miƙa wa Handoko jakarta. "Riƙe min."

Ta sauka kan kwalta ta ɗaga hannu. Babur na farko ya kauce mata yana zagi. Wata babbar mota ta taka birki har ta ji zafin injin a fuskarta. Sannu a hankali layi ya tsaya, ta haura shingen da taimakon wani, ta tare ɗaya ɓangaren ma.

"Bu, gwamna ne ya mutu?" wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya. "Abincin mutane ne a bayana, zai huce!"

Da ya hango koren ƙyallen sai ya kashe babur ɗinsa, ya sunkuyar da kai.

Wasu maza suka haura, aka miƙa musu makarar ta saman shinge, hannu zuwa hannu, ana ta kalmar shahada. Sannan aka koma kan dattawa da mata, ɗaya bayan ɗaya, wannan a ɗaga, wancan a tare. Daga nesa, inda ba a san abin da ke faruwa ba, ham ɗin motoci ya cika gari.

Handoko ya zo kusa da ita, rungume da jakar. "Bu, batun sa hannun fa?"

"Sai an fasa shingen daidai nan. A sa ƙofa, da fitilar tsallakawa."

"Ke kika ce a rufe shi!"

"Ni ce."

"In aka fasa, lissafin zirga-zirgar motocin da muka yi ya rushe, sai mun koma farko. Bu, ni ma aiko ni aka yi. Yarana sun fara ce min baƙo a gida."

"Na sani, Pak. Yau dai ba zan sa ba."

Ya koma gefen titi ya zauna a kan dakali, jakarta a cinyarsa.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Pak Wibisono ne, shugaban ofishinsu.

"Nurlela, kina wajen kantin? Ga mu gaban allon kyamara, titin ya cushe har bakin kasuwa. Wata mahaukaciya ce ta tsaya a tsakiya, kamar ma da kayanmu a jikinta. Je ki kore ta."

Nurlela ta dubi shingen. Saura tsohuwa ɗaya, matar mamacin. Mata biyu na ƙoƙarin ɗaga ta, ita kuma tana riƙe zaninta da hannu ɗaya, tana cewa su bi a hankali.

"Na gan ta, Pak," in ji Nurlela. "Ta kusa gamawa."

Ta mayar da wayar aljihu. Hannun damanta ya yi tsami, sai ta sauke shi, ta ɗaga na hagu.