Uwar Wa Ce?

"Ajiye tsintsiyar nan, Mai Shupi, kin share ɗakin har siminti ya fara kuka," in ji Ambuya Zvichapera daga kan gado.

Mai Shupi ba ta ajiye ba. Tun safe take ɗakin maƙwabciyar tata, ta dama kunun gyaɗa, ta wanke kofunan da ba abin da ya same su, ta buɗe taga ta rufe. Asibiti sun sallamo tsohuwar, kuma kowa a layin ya san irin wannan sallama.

Ambuya, wato kaka, ita ce ke zama a bencin katako bayan asibitin unguwa, tana sauraron masu kufungisisa, ciwon yawan tunani. Ba ƙwaya, ba wa'azi. Tambaya take yi ta ja bakinta, har mutum ya gaji ya amayar da abin da ke cinsa. Albarkacin bencin nan Mai Shupi ta koma cin abinci, ta koma kai tumatir kasuwar Mbare. Abu ɗaya ya gagara. Tun da ramin haƙar zinariya ya rufta da ɗanta na fari, bakinta bai sake kama sunansa ba. A nan kuwa da sunan ɗan fari ake kiran mace, a ce Mai wane, wato uwar wane, sai maƙwabta, don tausayi, suka koma kiranta da na ƙanwarsa Shupi. Ta amsa, amma kullum aka kira ta sai ta ji kamar an sake binne yaron.

"Zauna. Gefen gado ma katako ne."

"Ambuya, ki sha kunun tukuna."

"Kunun nan naki ko kare sai ya yi shawara. Zauna, na ce."

Ta zauna.

"Shekarar da na tare a layin nan," in ji tsohuwar, numfashinta na sarƙewa, "wata yarinya ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe ni, da jariri a baya, kansa kamar kabewa. Uwar wa ce?"

"A bari sai mako mai zuwa, Ambuya."

"Mako mai zuwa ina da tafiya."

Haushi ya turnuƙe Mai Shupi, haushi da tsoro. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo.

"To in kin tafi wa zan yi wa magana? Kin saba mini, yanzu ki tsere?"

"Akwai Ambuya Chenai a benci. Kunnenta ɗaya ya mutu, amma ta iya shiru." Ta lalubo hannunta ta riƙe. "'Yata, uwar wa ce?"

A titi yaron mota na ta kiran fasinja. Tsohuwar ta yi shirun nan nata, ta jira.

"Tonderai," ta ce da ƙyar. "Ni ce Mai Tonderai."

Daga nan magana ta ɓalle mata. Yadda Tonderai ke satar gwaiba a gidan fasto, yadda yake cin sadza, tuwon masara, har ya suɗe tukunya, ƙatuwar ƙafarsa da ba ta barin takalmi ya ga Kirsimeti biyu. Tana kuka tana dariya, sunan na ta fita.

Tana cikin labarin takalman ne ta ji yatsun sun saki hannunta. Ta duba ƙirjin tsohuwar, ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi ihu ba tukuna. Ta gyara mata bargo, ta mayar da hannun cikin nata, ta ƙarasa labarin.