Sawun Yatsa a Bakin Tulu

Mai Hoto, kamar yadda kowa ke kiranta a gidan adana kayan tarihi, ta kwana biyu tana kai ruwa rana da Oga a kan irin fayil ɗin da za a ajiye hotunan kayan gidan. Ita ta kafe a kan TIFF, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Ƙato, don ba ya zubar da komai, sai dai cin wuri kamar baƙon da ya zo da iyalinsa. Oga kuwa JPEG yake so, wato Ɗan Tsako, mai matse hoto ya watsar da duk abin da yake ganin ido ba zai kula ba. Ya ce ma'ajiyar kwamfuta ta kusa cika maƙil. Kuma gaskiyarsa ce, abin haushin ke nan.

Daga ƙarshe suka raba gardama: kayan da ke lalacewa a ba su Ƙato, sauran Ɗan Tsako ya ishe su.

Cikin masu lalacewar akwai wani tulu da jikinsa ke ɓarɓashewa, har masu gyara sun sallama, sun kuma hana kowa taɓa bakinsa. Mai Hoto ta gane shi tun daga nesa. Innarta ce ta gina shi, wani mai tara tsofaffin kaya ya saya ya bar wa gidan. Inna kuwa ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Duk wanda ya ɗaga kyamara sai ta juya masa baya, wai ba ta yi kwalliya ba.

Ta kwantar da fitila a gefen tebur don haske ya bi jikin tulun, ta ɗauka da Ƙato. Da ta buɗe hoton ta ƙara girmansa, sai ga sawun babban yatsa a cikin bakin, layukansa raɗau, daidai inda Inna ta danna yumɓu tun yana ɗanye. Kewa ta taso mata har ta rasa inda za ta sa kanta.

Yayanta ta fara tunawa, wanda neman abinci ya riƙe a wata ƙasa, ko jana'iza bai samu ba. Ƙato ya ƙi tafiya ta waya, dole ta mai da shi Ɗan Tsako, wayar ma ta ƙara matse shi son ranta. Can sai ga kiransa. Ya ce ya buɗe, ya ƙara girma, ya goge tabarau, shi dai wani jan dishi-dishi kawai yake gani.

"Ke dai faɗa mini, ƙanwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yaya yake?"

Ta koma gaban tulun da waya a kunne. Wallahi ba abin da take so a duniya irin ta sa yatsanta a wannan gurbi, amma ta san tana taɓawa zai zube ya zama gari. Ta kai yatsan dab da shi, ta tsayar a iska, tana gwadawa.

"Yaya, ƙarami ne. Nawa ma ya fi shi."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

"Da wannan ɗan hannun ta riƙe mu duka?"