Alalen Ganye

Ranar da kwamitin layinsu a Kasuwar Sabon Gari ya sanar cewa daga farkon wata ba sauran zuba abinci a leda ko a farin mazubin nan na tekawe, masu abinci suka yi ta ƙorafi kamar an ce a rufe kasuwar. Hujjar kwamiti a fili take: damina biyu a jere leda tana toshe kwata, ruwa yana shiga shaguna. Falmata mai alale ce kaɗai ba ta bi sahunsu ba. Ba daɗi dokar ta yi mata ba, don shekara goma sha biyar ke nan tana ƙulla alale a leda. Obiageli ce ta faɗo mata a rai.

Obiageli maƙwabciyarta ce ta rumfa a da, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita alalen ganye take yi, irin wanda ƙamshinsa kan riga mai talla isa. Shekara tara suna zaune kafaɗa da kafaɗa. In Falmata ta tafi salla Obiageli ce mai gadin tukunya, ran Lahadi kuma Falmata ta rama. Sai Boniface mijin Obiageli ya rasu, ta bar kasuwa. A lokacin Falmata na jinyar mahaifiyarta, ta ce in jiki ya yi sauƙi za ta je gaisuwa. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, har kunya ta ɗaure mata ƙafa. Daga gidan Falmata a Rijiyar Lemo zuwa na Obiageli bai wuce hawa ɗan sahu ɗaya ba, amma shekara shida ta kasa. Kuma tana kewar matar nan, kewar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta sayo ganye ta gwada da kanta. Ƙullu ya tsiyaye, tukunya ta zama kunu.

"Ki koma gwangwanin madara mana, kamar kowa," in ji mijinta Malam Gana.

"Masu saye na ganye suke so," ta ce. Babu wanda ya ce mata haka. Ita dai ta samu dalilin da za ta riƙe ta yi sallama a wata ƙofa.

Ran Alhamis bayan azahar ta ɗauki ƙullu a roba da damin ganye ta tafi. Adaugo, 'yar Obiageli, ce ta buɗe, ta rusuna ta gaishe ta. A tsakar gida jakunkunan bakko ne jibge, an ɗaure da igiya.

"Mama, kin taki sa'a," in ji Adaugo. "Ran Asabar za mu kai mahaifiyata ƙauyen iyayenta. Tun bara ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta ce ita a can take so ta ƙarasa."

Shekara shida Falmata ta yi wasa da su, ga shi kwana ɗaya da rabi ya rage mata.

Obiageli na kan kujera a bakin ɗaki, ta rame, hannu ɗaya kwance a cinya. Ta daɗe tana kallonta.

"Falmata. Ɓatan hanya kika yi?"

Duk jawabin da Falmata ta shirya a ɗan sahu ya gudu. Ta durƙusa ta ce, "Maman Adaugo, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin har ya yi furfura. Tashi ki zauna. Mene ne a robar?"

Da ta ji labarin doka da na tukunyar kunu, sai ta yi dariya da rabin bakinta mai motsi, ta ce a nuna mata yadda aka yi. Falmata ta naɗe ganye, ta cika shi taf, ta jawo zare za ta ɗaure.

"Ajiye zaren nan. Leda ta ɓata miki hannu. Ganye ba a ɗaure shi, ba a cika shi. Haɗa biyu, ki naɗe kamar mazurari, ki lanƙwasa gindin baya ki danne da babban yatsa. Rabi za ki zuba, alale yana son wurin tashi."

Na farko ya ɓare. A na biyu Obiageli ta miƙo hannun hagu ta gyara mata yatsa, hannun ya yi sanyi, ba nauyi. Suna yi suna hira, wa ya mutu a layin, wa ya aurar, wa ya koma sayar da waya. Ba wadda ta tayar da zancen shekarun nan. Na uku ya zauna daram a tafin Falmata, ko ɗigo babu.

"To, kin iya," in ji Obiageli, ta kawar da kai wajen jakunkuna. "Ba sauran abin da zan koya miki."

Falmata ta ji maganar har cikin ƙashinta. In ta iya, sai sallama ke nan. Ta ɗauki ganye na huɗu, ta naɗe, ta zuba, sannan a hankali ta ɗage babban yatsanta. Ƙullu ya gangaro ta gwiwar hannu ya ɓata mata zane.

"Kin gani ko? Wancan dace ne. Ban iya ba tukuna."

Obiageli ta ga yatsan sarai. Ta dubi zanen, ta dubi Falmata, idonta ya kawo ruwa.

"Dama can kanki da tauri," ta ce. "Ki dawo da safe, kafin yaran nan su kwance gado. Ki zo da ƙullu da yawa."