Kunnen Mai Walda

Mai walda ya ɗora jakar gitar a kan kanta, ya zuge zif, sannan ya ja da baya yana goge hannu a jikin wando.

"Sayarwa zan yi," ya ce.

Mai shagon kayan kiɗan, wani gajere mai tabarau da ake kira Injiniya, ya leƙa cikin jakar ya yi fito. Gitar lantarki ce mai tsirkiya goma sha biyu, ja, fentinta ya koɗe daidai inda hannu ke gogawa.

"Baba, wallahi ban yarda ba," in ji Auta, 'yarsa, da ta baro wurin aikinta da hutun rana ta biyo shi. "Gitar nan ta girme ni. Ko taɓa ta ba ka bari mu yi, yau rana tsaka ka ce sayarwa?"

"Ke dai yi shiru."

Bai faɗa mata dalili ba, bai faɗa wa kowa ba. Shekara talatin yana walda, injin gurza ƙarfe na ihu a gefen kansa daga safe har yamma. Wata huɗu da suka wuce ya jona gitar a tsohuwar amfilifayarsa, akwatin ƙara sauti, ya kaɗa, sai ya ji kamar an lulluɓe sautin da bargo. Kowace tsirkiya mai kauri tana da siririya a gefenta, kuma waɗannan siraran su ne daɗin gitar. Su ne suka ɓace masa. Mahaifinsa ma haka ya fara, kafin ya kai sai an yi masa magana da hannu. Tun daga ranar mai walda ya daina zuwa wurin abokansa da suke kiɗa duk Asabar da yamma. Ya ce musu aiki ne ya yi yawa.

"Ba na sayen kaya ban ji muryarsa ba," in ji Injiniya. Ya jawo wata 'yar amfilifaya daga ƙarƙashin kanta, ya hure ƙura, ya jona waya. "Bismillah, Baba. Kai ka san hannunta."

"Kaɗa da kanka."

"Ni gyara na iya. In na kaɗa, maƙwabta za su kawo ƙara."

Dole ya zauna a kan benci. Ya daidaita tsirkiyoyin da wata 'yar na'ura da Injiniya ya miƙo masa, don bai ƙara yarda da kunnensa ba. Ya danne, ya ja hannu sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Sautin ya cika shagon, garau, siraran tsirkiyoyin suna walƙiya a saman masu kaurin kamar an watsa ƙananan ƙararrawa. Mai walda ya tsaya cak. Ya sake kaɗawa. Ya toshe kunnen dama da kafaɗa ya kaɗa, ya juya ya toshe na hagu.

"Baba, lafiya?" Auta ta dafa shi.

"Kina jin na saman nan? Siraran?"

"Ina ji mana."

"Ni ma ina ji," ya ce. "Auta, ni ma ina ji."

Sai a nan ya buɗe baki ya faɗa musu komai. Auta ta zauna kusa da shi, idonta ya ciko. Injiniya kuwa ya cire tabarau yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Amfilifayarka ta gida, shekararta nawa?"

"Tare da gitar na saye ta."

"Ruwa ya taɓa shigarta?"

"Ai ita ce a ƙarƙashin inda rufin ɗakin ya yi yoyo," in ji Auta. "Kwana biyu tana shanye a rana. Ni na fitar da ita."

"To, lasifikarta ce ta kurmance, ba kai ba. Amma ka je likita ya duba ka duk da haka. Masu walda nawa na sani da sai an yi musu ihu."

"Zan kai shi da ƙafata," Auta ta ce. "Jibi."

Mai walda bai musa ba. Ya share fuska da tafin hannu, ya gyara zama, ya dubi jerin amfilifayoyin da ke jingine a bango.

"Injiniya, ciniki ya juye. Nuna mini daidai aljihun talaka."

Aka fara da wata baƙa, sabuwa fil, mai maɓallai kamar gaban jirgi da fitilu kore da ja. Auta ta ce ita ta fi kyau. Da aka kaɗa, sai ta yi ruri, tsirkiyoyin suka cakuɗe, ba a gane wannan daga waccan.

"Ta samari ce," in ji Injiniya. "Ta mai gitar tsirkiya shida, mai son hayaniya. Taka gitar ba ƙara take nema ba, fili take so, kowace tsirkiya ta sha iska."

Ta biyu ƙarama ce, ana iya rataya ta a kafaɗa, kuma ta fi kowacce araha. Siraran suka fito, amma masu kaurin suka koma kamar ana buga gwangwani. Mai walda ya girgiza kai tun kafin sautin ya mutu. Ta uku ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya lumshe ido. Da ya ji kuɗinta sai ya buɗe su, ya zare wayar da kansa.

"Ina ta farkon? Wadda ka jawo daga ƙarƙashin kanta?"

"Wannan ta hannu ce, Baba. Maɓalli huɗu kacal, kuma mariƙinta ya karye."

Ya ɗaga ta ya juya, ya duba inda ƙarfen mariƙin ya tsage, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wannan aikin minti biyar ne a wurina."

Ya sake jona ta, ya ƙara murya har rabi don ya ji ko za ta fara kuka. Ba ta yi ba. Ya shiga wani tsohon kiɗa da yatsunsa suka tuna kafin kansa ya tuna, har wata mata mai wucewa ta tsaya a bakin ƙofa da kayan cefane a hannu. Suka daidaita da Injiniya ba tare da doguwar jayayya ba, ya ƙara masa da sabuwar waya kyauta.

A tashar bas, Auta na rungume da amfilifayar, shi kuma gitar na rataye a bayansa. Ta ciro wayarta.

"Bari in kira Mama in faɗa mata kunnenka ƙalau yake."

Ya riƙe mata hannu da sauri.

"Tsaya tukuna. Ita ma ta fara zargin kunnena. Kwanan nan in ta aike ni ban je ba, ba ta faɗa, sai ta ce Allah sarki, bai ji ba." Ya dubi hanya, bas na tahowa. "Bari dai mu ji ta bakin likita."