Ƙwallon Mama Laraba

"Mama! Mama Laraba! Tabarmarki na ci da wuta!"

Ina tsaye a kan turmi ina shanya kayan yara a bisa katangar da ta raba gidajenmu lokacin da na hango hayaƙin. Siriri ne, yana tashi daga tsakiyar tabarmar da ta shimfiɗa a tsakar gida, alhali babu garwashi babu ashana a kusa. Abin da ke wurin kawai wani dunƙulallen abu ne garai-garai, kamar an cure ruwa an ajiye, rana tana dukansa.

Ta fito daga madafa tana ɗingishi, ta cire ɗankwali ta jefa a kansa, sannan ta tattake wurin da ya ƙone.

"Yesu na! 'Yata Helen ta faɗa mini, ta sake faɗa mini, kada rana ta gan shi. Adawiyya, sauko ki zagayo, kin ceci gidana yau."

Na zagaya. Ta buɗe ɗankwalin a inuwar rumfa, ta ɗauko abin. Ƙwallo ne, ya ɗan fi babban lemo. Ta ce ba gilashi ba ne, wata irin roba ce mai tauri, kuma idan rana ta shiga cikinsa sai ya tattara ta wuri ɗaya har ta zama wuta. Na miƙa hannu zan taɓa, ta janye da sauri.

"A'a, 'yata. Dubi hannunki."

Ƙuli-ƙuli nake yi, hannuna ba ya rabuwa da man gyaɗa. Na ji kunya na ɓoye shi cikin zane, ita kuwa ta yi ta dariya.

Mama Laraba Bagwariya ce, daga wani ƙauye a bayan Gayam. Ta dawo unguwarmu ne bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, suka kashe mijinta, suka tafi da ita cikin daji tare da wasu mata. Da aka sako su, igiyar da aka ɗaure ta da ita ta riga ta cinye mata wuyan hannu. Yatsunta suka kanannaɗe, ko cokali ba ta iya riƙewa. 'Yarta Helen, mai aikin jinya a Kaduna, ita ta kama mata ɗakin kusa da mu, ita ce kuma ta ce ta riƙa juya lemo a tafin hannu safe da yamma ko jijiyoyin za su saki.

Daga lemo abin ya fara. Wata rana Helen ta nuna mata bidiyo a waya, wani mutum yana gangaro da ƙwallo daga yatsunsa zuwa gwiwar hannu ba tare da ya jefa shi sama ba. Mama ta ce a sake sa mata. Ta kalla har batir ya ƙare. Tun daga ranar ta daina juya lemo don magani, ta koma koyon wasan.

Ni dai ban san da wannan ba sai ranar gobarar. Bayan ta wanke hannu da sabulu ta tsane shi tsaf, sai ta zauna a bakin katifa ta ce in kalla.

Ta ɗora ƙwallon a kan yatsu uku. Sai hannun ya fara kewaya shi, sama, ƙasa, baya, shi kuma yana nan inda yake a cikin iska, ko motsi bai yi ba. Wallahi sai da na leƙa ko akwai zare. Daga nan ta karkata hannu, ya bi ta bayan yatsunta ya haye wuyan hannu, ya bi ta kan tabon igiyar nan a hankali, ya tsaya cak a gwiwar hannunta.

"Subhanallahi," na ce.

Da na ba mijina Shafi'u labari, ya ɓata fuska. Ya ce dama a majalisa ana cewa tsohuwar ta dawo daga daji da wani abu. Washegari na faɗa mata, ina tsoron ta ji haushi.

"Ki ce masa ya zo," in ji ta. "Ya zo ya ga sau nawa yake faɗuwa. Aljani ba ya yar da kayansa."

Ya zo kuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa. A gabansa ƙwallon ya suɓuce mata ya faɗa kan katifa, ta ɗauka, ya sake suɓucewa, ta sake ɗauka. Da hannun ya zauna, abin ya tsaya a iska, sai na ga Shafi'u ya cire hula yana sosa kai. A hanyar gida ya ce, "Allah mai iko. Da waɗannan yatsun?"

Ni na fara cewa ta koya mini. Ta kama hannuna ta juya shi tana auna tafin da nata.

"Ba da nawa za ki fara ba. Za ki yar da shi a siminti ya yi zane, ni in yi kuka ke ki yi kuka. Lemo kuma ya yi miki rashin nauyi, hannunki na mai matse gyaɗa ne, ba zai ji shi ba. Ki samu mai nauyi, wanda zai faɗa wa fatarki inda yake."

Ranar kasuwa muka je wurin Nababa mai sassaƙa turmi, wanda shi ya yi mata na katako da ta koya da shi kafin Helen ta kawo mai hasken. Ya fito da guda uku da ya sassaƙa daga ragowar itace. Mama ta gangarar da kowanne a kan faranti. Na farko ya yi ta karkata gefe, ta ture shi. Na biyu yana da ido a jikin katakon, ta ce duk juyin da ya yi za a gani, asirin wasan ya tonu. Na uku ta ɗora mini a tafi ta ce in rufe ido.

"Yatsunki sun rufe shi?"

"A'a, Mama, sun kai rabi."

"Kina jin nauyinsa a tsakiya?"

"Ina ji."

"To naki ne. Nababa, ka ƙara goge mata shi, kada ka shafa masa mai."

Haka na shiga makarantarta. Bayan la'asar, in na gama suya, sai in wanke hannu har gwiwa in zagaya. Ba a wasa sai a kan katifa. Ba a wasa da zobe ko awarwaro. Nata mai hasken yana kwana cikin baƙar safa, a cikin kwano mai murfi, a ƙarƙashin gado. Da ruwan ɗumi da ɗan sabulu take wanke shi, ta goge da tsohuwar rigar jaririn da ta roƙa a wurina. Ranar da na ce a sa masa turare ya yi ƙamshi, sai da ta dafe ƙirji, ta ce turare da kananzir tsattsaga shi suke yi. In ya sami ɗan ƙarce kuwa, sai ta zauna da man goge baki a yatsa tana murzawa tana waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Abu ɗaya ya gagare ta. Tana so ƙwallon ya taso daga hannun dama, ya hau kafaɗa, ya bi ta bayan wuya, ya sauka hannun hagu. Kullum a wuya yake faɗuwa.

"Kafaɗar nan ta ɗauki doya da itace tun ina yarinya," take cewa. "A ce wannan ɗan abin ya fi ƙarfinta?"

Da damina ta faɗi ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Helen ta kai ta Kaduna, aka ce zuciya ce. Suka dawo da magunguna, Helen ta ɗauki hutu ta zauna. A bayan ɗaki ta faɗa mini tana share ido cewa sai dai addu'a.

Wata yamma an ɗauke ruwa, na shiga na same ta zaune an jingina ta da filo. Ta rame, ƙasusuwan kafaɗarta sun fito.

"Helen, ɗauko mini kwanon."

"Mama, ki huta mana."

"Hutu na nan zuwa. Ɗauko. Adawiyya, cire mini filon nan, ki tsaya a bayana, amma kada ki taɓa ni."

Ta miƙa hannun dama. Helen ta ɗora mata ƙwallon a kan yatsu. Ƙwallon ya tashi daga yatsunta, ya wuce gwiwar hannu, ya hau damtse. Ta sunkuyar da kai. Na gan shi ya iso bayan wuyanta, a gaban idona, ya tsaya a ɗan kwarmin da rama ta yi. Ta ɗaga kafaɗar dama kaɗan, kaɗan ƙwarai, sai ya gangara ta hagu a nitse kamar ya san hanya, ya bi hannun har ya zauna a tafinta.

Helen ta toshe baki da hannu biyu. Ni kuwa kabbara ce ta kuɓuce mini. Mama ta koma kan filo tana haki tana murmushi.

"Ashe ƙiba ce ta hana ni," ta ce.

Ba ta sake tashi zaune ba. Matan zumunta na cocinsu suka riƙa zuwa suna yi mata waƙa da Gwaranci, ni ina kai kunu wanda ba ta iya shan fiye da cokali biyu. Shafi'u ma kullum in ya dawo daga gona sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, ya jiki?"

Ranar Talata da hantsi Helen ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Hadari ya rufe gari. Na tarar da Mama a kwance, hannunta a buɗe a kan katifa, ƙwallon a cikin tafin. Helen ta ce tun safe Mama ta neme shi da ido, shi ya sa ta ɗora mata. Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafarta. Helen tana karanta mata addu'a a kunne. Numfashin yana zuwa, ya yi nisa, ya dawo. Can ya tafi, muka jira, bai dawo ba.

"Mama ta tafi," in ji Helen, da ƙaramar murya.

Na yi salati. Helen ta rufe mata ido, ta gyara mata zane, amma da ta zo kan hannun sai ta tsaya. Yatsun ba su rufe ba, ba su kuma saki ba. Babu wadda ta iya ɗauke ƙwallon a cikinmu. Muka zauna muna kallonsa. A cikinsa ana ganin ƙofar ɗakin a juye, ƙasa a sama, da wata kaza 'yar mitsitsiya tana ratsa tsakar gida da 'ya'yanta, yayyafi ya fara sauka.