Ɗinkin Ekspres

Saura kaɗan tsohon akawu ya tafi ganawar neman aikin tsaron sito, ya sunkuya ɗaure takalmi, wandonsa ya ɓarke ta baya. Shi ke nan masa wandon fita kunya, sauran duk tumbi ya yi musu ritaya. Ya rufe wurin da jaka ya nufi shagon tela.

"Ɗinkin kullum ko ekspres?" in ji tela.

"Mene ne ekspres kuma?"

"Turanci ne, yallaɓai. Abin da ke tafiya da gudu, ba ya tsayawa ko'ina. Jirgi na yi, mota na yi, mu ma mun fara."

"To ba ni shi. Ina zan tuɓe?"

"Tuɓewa ai tsayawa ce. Kai dai kama hanya."

Akawu ya kama hanya, tela na biye da shi a duƙe, allura a hannu, zare a baki. Da ya rage sauri sai tela ya ce, "Ɗaga ƙafa, kana ɓata mini suna." Suka ratsa layin masu gyaran waya, suka tsallaka titi ba su jira danja ba. Wani mai faci ya tambaya ko ɓarawo aka kama. Akawu, wanda rabonsa da gudu tun da wani kare ya kore shi a zamanin samartaka, ya wuce yana haki.

Haka suka hau benen kamfanin da ke ɗaukar aikin suka faɗa ofishin manaja. Akawu ya ci gaba da zagaya tebur, don tela ya ce saura kaɗan.

"Wane ne wannan a bayanka?" in ji manaja.

"Tela ne, ranka ya daɗe. Kada ka damu da shi."

"Aikin nan na mai natsuwa ne, wanda zai wuni kan kujera yana kallon buhuna. Zauna mu gani."

Zama kam akawu ya iya, a kansa ya yi furfura. Ya ja kujera ya zauna da duk nauyinsa, a kan allurar da tela bai zare ba. Ya zabura sama, kansa ya kusa taɓa fanka.

Manaja ya rufe fayil. "Ba ka da zama, malam. A turo na gaba."

A bakin ƙofa tela ya datse zaren da haƙori, ya ja baya yana duba aikinsa.

"Ya ɗan karkace," ya ce. "Gobe ka kawo a yi maka na kullum, tunda kana gida."