Sunan da Ba a Sassaƙa Ba

A garinmu Harlan Creek, tsakanin gidan waya da tashar 'yan kwana-kwana, akwai wani baƙin dutse da ya ɗara mutum tsayi. A jikinsa aka sassaƙa sunayen 'yan garin da yaƙi ya ci, tun daga na kakannin kakanninmu har zuwa na Iraƙi. Kwamitin mutum huɗu ne ke kula da shi, ni ce ta huɗun. Ba don na fi kowa sanin wani abu aka sa ni ba. Na dawo daga jami'a da digirin tarihi, na kama aiki a ɗakin karatu na gari, sai aka ce ana son matashiya a kwamitin. A gaban mutane aka tambaye ni, ni kuwa ban iya cewa a'a a gaban mutane ba. Tun da na shiga, bakina bai taɓa furta abin da ya wuce "na amince" ba.

Wade Haskett kuwa ta tarinsa na san shi. Yakan shigo ɗakin karatun da hantsi, ya zauna kusa da taga da mujallar kamun kifi, ya yi ta tari cikin hannun rigarsa yana ba mutane haƙuri da ido. A Iraƙi aikinsa gadin wani ƙaton rami ne da ake ƙona sharar sansani a ciki, tayoyi da roba da batura da duk abin da aka gaji da shi. Ya dawo gida da ƙafafunsa, aka tarye shi da badujalar makaranta. Daga nan huhunsa ya riƙa mutuwa a hankali, har ya cika a hunturun da ya wuce, bai kai arba'in ba. Mahaifiyarsa, Misis Noreen Haskett, ta nemi a sa sunansa a kan dutsen. Ƙa'idarmu kuma ta ce dutsen na waɗanda suka faɗi a fagen daga ne.

Ranar Asabar da la'asar muka zauna kan maganar, a zauren 'yan kwana-kwana. An jera kujerun ƙarfe, an ajiye ruwan kofi da kwalin donot a bakin ƙofa. Mutane sun zo da ɗan dama, yawancinsu tsofaffi. Shugabanmu Mista Dwight Hollenbeck, mai sayar da taraktoci, ya hakimce a tsakiya da 'yar ƙaramar tuta maƙale a ƙirjin kwat. Bai taɓa sa kakin soja ba, amma in yana zancen yaƙi "mu" yake cewa. A damansa Farfesa Lenore Aldous, wadda ta yi ritaya daga koyar da tarihi. Ta yi zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi tun ba a fara shi ba, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. A hagunsa Baba Orville Tuttle, tsohon sojan Biyetnam, da na'urar ji a kunne ɗaya. Ni ina can ƙarshen tebur.

A tarukanmu, wanda ba ɗan kwamiti ba minti uku gare shi. Akwai agogon girki mai siffar tumatir a gaban shugaba. In ya yi ƙara, sauraron jama'a ya ƙare, kuma ba a sake buɗe shi.

Misis Haskett ta taso. Gajeruwa ce, ta sa rigar zuwa coci, ta rungume jakarta da hannu biyu. Mista Hollenbeck ya murɗa tumatirin ya ajiye, sannan ya miƙe tsaye.

"Jama'a, kafin Noreen ta ce komai," in ji shi, "baiwar Allahn nan ta ba ƙasar nan ɗanta. Ina roƙon kowa ya tashi mu gode mata."

Kowa ya tashi. Haka muke yi, a filin ƙwallo, a coci, a jirgin sama. Aka kama tafi, kuma ba wanda ke son ya zama farkon dainawa, kada a ce ba shi da kishin ƙasa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Mun gode da sadaukarwa!" Wata ta taso ta rungume ta, wata ma ta biyo. Ita dai tana tsaye tana gyaɗa kai. Ni idona na kan tumatirin, yana ta juyawa. Na so in ce a tsayar da shi. Hannuwana kuma suna ta tafi.

Da aka zazzauna ta gyara murya.

"Na gode. Ni ba mai dogon zance ba ce. Wade tun yana ƙarami, in muka zo wucewa ta dutsen nan sai ya tsaya ya karanta sunayen da ƙarfi, ko da sauri muke. To da jikin ya yi tsanani, rannan ina gyara masa matashi, sai ya ce mini..."

Tumatirin ya yi ƙara.

"Ayya, Noreen," in ji Mista Hollenbeck, ya dafa ƙirji. "Ƙa'ida ce, 'yar'uwa. In na ƙara miki, gobe kowa sai ya ce a ƙara masa. Amma mun ji ki, Allah ya sani mun ji ki."

Ta koma ta zauna.

"To, 'yan kwamiti," in ji shi. "Ni Wade kamar ɗa yake a wurina, ni na sayar wa ubansa taraktar farko. Amma a faɗi gaskiya, yaron nan yana shan taba. Wa zai rantse wane hayaƙin ne ya kashe shi?"

"Ku ji Janar!" in ji Farfesa. "Janar na taraktoci yau ya koma likitan huhu."

"Farfesa, ki bari in kai aya mana."

"Wace aya? An kwashi yaranmu an kai su neman makaman da babu su, an ragargaza ƙasar mutane, kai kuma ka zauna kana ƙirga mana karan sigari."

"An kawar da azzalumi ko ba a kawar ba?"

"An kawar. Aka haɗa da wutar lantarki da asibitoci da mutanen da har yau ba a gama ƙirga su ba. Su wa ya kafa musu dutse?"

"Su kafa wa kansu, ai ƙasarsu ce. Ku malaman jami'a, sai ƙura ta lafa ku fito da biro. Da irinku aka bi a Yaƙin Duniya na Biyu, da yanzu wani yaren muke yi."

"Na san za a zo nan. Kullum aka matse ku sai ku ruga ku ɓuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yaro bayan siket ɗin uwarsa."

"Tarihi bai yanke hukunci ba tukuna, malama. A ba shi lokaci."

"Ni ce tarihin, Dwight, kuma na yanke."

Zauren ya fashe da dariya. Rabin mutane suka tafa mata, rabi suka jira nasu gwanin ya rama. Ya kuwa rama. Suka bi ta Koriya, suka biyo ta Afganistan, suka taɓo farashin mai. Ni na san muhawarar nan kamar tafin hannuna, sun yi ta a kantin kayan miya, sun yi ta a wajen cin abincin coci, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai taka. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar shi ne daɗin da suke ji. Kumatun Farfesa sun yi ja, idanunta na ƙyalli. Mista Hollenbeck yana magana sukarin donot na leɓensa, yana lashewa tsakanin jimla da jimla. Sunan Wade ya fita daga zancen tun tuni, ba wanda ya neme shi.

Kusan duk abin da Farfesa ke faɗa na yarda da shi. A kansa na rubuta kundin gama jami'a. Duk da haka ban tafa mata ba.

Misis Haskett ta ɗaga hannu sau ɗaya, kamar 'yar makaranta.

"An rufe sauraron jama'a, Noreen," in ji shugaba, bai ko juyo sosai ba. Ta sauke hannun a kan jakarta.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Ina gabatar da ƙuduri."

"Me ta ce?" in ji Baba Orville, yana taɓa kunnensa. "Ɗaga murya, 'yata."

"Ina gabatar da ƙuduri a sa sunan Wade Haskett a kan dutsen."

"Kai, ashe Corinne na magana!" in ji Mista Hollenbeck. Aka ɗan yi dariya. "To, an gabatar. Akwai mai mara baya?"

Ƙuduri ba ya zuwa ƙuri'a sai wani ɗan kwamiti ya mara masa baya, shugaba kuma ba ya marawa. Saura mutum biyu ke nan. Na dubi Farfesa, hankalina kwance.

"Zan mara," in ji ta, "da sharaɗi ɗaya. A rubuta a ƙarƙashin sunan: Yaƙin ƙarya ne ya kashe shi."

"Ba dai a kan dutsen nan ba, in dai ina numfashi," in ji shugaba.

"Farfesa," na ce, "sunan kawai mamarsa ta nema."

"Haba Corinne, 'yar nan, ke da kika karanta tarihi? Me aka rubuta a saman dutsen? Sun mutu domin 'yancinmu. In muka jera shi a ƙarƙashin wannan muka yi shiru, mun sa hannu a ƙaryar ke nan. Ba da ni ba." Ta juya wajen jama'a, ta sassauta murya. "Noreen, ɗanki hujja ne. Kar ki bari su binne hujjar."

Hujja. Mutumin da ke ba ni haƙuri in tarinsa ya yi yawa. Misis Haskett ta zuba wa takalmanta ido.

Na juya ga Baba Orville. Yana murza hularsa a kan tebur.

"Mu uku muka tafi Biyetnam daga layinmu," in ji shi. "Ni da Hank Dressler da Lyle Boone. Ana feshin guba daga sama don a kashe daji, mu kuma muna cikin dajin. Muka dawo lafiya lau. Ciwon daji ya cinye Lyle, ya dawo ya cinye Hank. Na tsaya a wurin nan da Noreen ta tsaya, na roƙa. Aka ce ƙa'ida." Ya girgiza kai. "Yau in ɗaga hannu don yaronta, gobe in haɗu da matar Hank a coci in ce mata me?"

"To a sa su duka mana, Baba," na ce.

"Duka?" in ji Mista Hollenbeck. "A ina?"

"Akwai wuri a ƙasa. Kusan rabin dutsen fili ne."

Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa yaro.

"Wannan filin na gaba ne, 'yata. Tun daga jihar Vermont aka kawo dutsen nan, ba a samun irinsa yanzu. In muka cika shi da masu tari da masu ciwon daji, in wani yaƙin ya zo, ina za mu sa yaran? Dole a yi tsimi."

Na jira wani ya tashi, ko ya yi tsaki, ko kujera ta faɗi. Wasu gyaɗa kai suka yi, don maganar ta yi musu kama da hankali. Farfesa kuwa fuskarta ta washe.

"Maimaita, Janar, don Allah maimaita. Wannan sai na sa shi a maƙalata."

"Babu mai mara baya," in ji shugaba, ya buga 'yar gudumarsa. "Ƙuduri ya faɗi."

Aka tashi. Mista Hollenbeck ya ɗauko kwalin donot da sauran da suka rage ya danƙa wa Misis Haskett, ya riƙe hannunta da nasa biyu. Farfesa ta tare ta a ƙofa tana tambaya ko akwai hoton Wade na kwanakin ƙarshe, wanda ya rame sosai, don za ta yi lacca a birni. Misis Haskett ta ce za ta duba.

Na same ta a waje, tsaye gaban dutsen da kwalin a hannu. Ba sunayen take kallo ba, ƙasan take kallo, inda dutsen ke sumul har mutum na ganin ƙafafunsa a ciki.

"Misis Haskett, ki yi haƙuri. Zan sake kawo maganar a taron baɗi. Zan je in sami Baba Orville a gida, wataƙila in..."

"Kar ki kawo, Corinne."

"Amma ai..."

"Na janye. Ki gaya musu, ko ki rubuta, yadda dai kuke yi." Ta nuna filin da haɓa. "Kin san a kicin ɗin firamare nake aiki. Yaran da ake yi wa tanadin wurin nan, ni nake zuba musu abinci kullum. Wasunsu ko igiyar takalmi ba su iya ɗaurewa ba. Ba zan sa Wade ya zauna a sama yana jiransu ba."

Ta ɗaga murfin kwandon shara na gaban gidan waya, ta sa kwalin a hankali, ta rufe. Ta tsallaka titi zuwa motarta.

Na koma ciki don naɗe kujeru, aikin ƙaramin ɗan kwamiti ne. Farfesa da Mista Hollenbeck suna bakin ƙofa, ya riƙe mata kwat tana zura hannu.

"Yau kin sha kashi, Farfesa."

"A mafarkinka, Janar. Mu je ka saya mini abinci, ban gama da kai kan Afganistan ba."